Yadda Na Bar Surukina a Ƙofar Shagon Caca

'Yan'uwa cikin Ubangiji, ina gaishe ku duka da sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna tare da ku da gidajenku.

Sunana Ishaya. Da yawa a cikinku kun san ni da Malam Ishaya mai lissafi, domin na koyar da 'ya'yan wasunku, wasu kuma ku ne da kanku kuka zauna a ajina. Ni ɗan ƙasar Ganye ne, aikin koyarwa ya kawo ni Jimeta. A Damilu nake zaune da matata Rifkatu da 'ya'yanmu. Ban iya kuka a gaban jama'a ba, ban kuma iya ɗaga murya ba. Zan faɗi abin da ya faru yadda ya faru, ku ga hannun Allah a ciki da idonku.

Na yi shekaru ina caca.

Abin ya fara ne a shekarar da mutane suka gudo daga Michika da Mubi. Dangin matata suka sauka a gidanmu, har a baranda ake kwana. A cikinsu akwai mahaifinta, wanda muke kira Baba. Da ƙafa ya fito daga ƙauyensu ta kan duwatsu, a hanyar nan kuma surukata ta rasu. Ya iso da wata tsohuwar kwat a jikinsa, ba ya cire ta ko da zafin Yola ya kai inda ya kai. Hankalinsa bai dawo daidai ba. Dama Hausarsa kaɗan ce, bayan gudun sai ta ɓace gaba ɗaya, ya koma yarensu kawai. Tambayarsa ɗaya ce kullum: yaushe za a koma gida a girbe dawa?

Idan na tashi daga makaranta ba na son komawa gidan. Ko'ina mutum, ko'ina labarin wanda aka kashe da wanda ba a ji ɗuriyarsa ba. Sai in tsaya a gidan kallon ƙwallo har yamma. Jikin gidan kallon akwai shagon caca. Wata rana wani abokin aikina ya ce in zaɓi wasa uku in gwada. Na gwada, na ci. Abin da na ci bai taka kara ya karya ba, amma a ranar ne na fara manta gidana na awa guda, kuma na ji daɗin mantawar.

Ku lura da wannan, 'yan'uwa. Da safe ina tsaye a gaban allo, ina jefa kwabo sama, ina gaya wa ɗalibai cewa kwabo ba shi da tunani, ba ya tuna fuskar da ya faɗo da ita ɗazu. Ina nuna musu da alli cewa mai shagon caca ba ya faɗuwa, domin tun kafin ka shigo an riga an yi lissafin. Da la'asar kuma ni ɗin nan ina tsaye a layi ina ce wa kaina, “Na daɗe ina faɗuwa, yau kam dole ta juyo.” Ilimin yana nan a kaina, bai je ko'ina ba. Idan na shiga shagon ne ba ya magana.

Daga baya wasan mutane ya yi mini nisa, sai an jira Asabar da Lahadi. Na koma ƙwallon na'ura, wanda hoto ne kawai a talabijin, 'yan mintoci a gama a sake sabo. Na kuma lura da wani abu a jikina wanda ban fahimta ba a lokacin. Idan na ci, ba na jin komai. In karɓi kuɗin in mayar wa yarinyar da ke buga tikiti tun ban matsa daga wurin ba. Daɗin yana tsakanin miƙa kuɗi da fitowar sakamako. Ranar da wasa ɗaya tak ya yanke mini tikiti kuwa, wato shi kaɗai ya hana ni ci, ranar ce nake fi ɗokin komawa.

To, ga ranar da na zo faɗa muku.

A lokacin ana cikin tsoro a garin nan. Bam ya tashi a wuraren taron jama'a, ana binciken mutane a ƙofar kasuwa, a ƙofar masallaci, har a ƙofar majami'ar nan. Duk baƙon fuska da jaka, ana kallonsa sau biyu. Ranar Baba yana da ganin likita saboda hawan jini. Rifkatu ba ta samu izini a wurin aikinta ba, ni kuma ba ni da darasi da safe, sai na ɗauke shi a keke muka tafi. An duba shi, muka karɓi magani, na sa a jakarsa tare da katin asibiti. Kafin azahar mun gama.

A hanyar dawowa, kusa da kasuwa, na ce mai keke ya tsaya. Ban shirya hakan daga gida ba. Na dai ga allon shagon, sai na ji bakina ya ce, “A nan za mu sauka.” Akwai benci a inuwa a ƙofar shagon. Na zaunar da Baba, na yi masa alama da hannu ya jira, na shiga. Na kashe ƙarar wayata don kada a dame ni.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. A cikin shagon nan babu agogo, babu taga. Can na tuna da shi, na leƙo. Bencin babu kowa.

Na tsaya a bakin ƙofa. Na duba dama, na duba hagu. Na san tsohon nan ba ya jin Hausa. Na san yana sanye da kwat a tsakiyar rana da jaka a hannu. Na san halin da garin ke ciki. Duk wannan ya zo mini a sarari, ɗaya bayan ɗaya, kamar ina karanta tambayar jarrabawa. Sai wata murya a cikina ta ce, “Bai yi nisa ba. Saura wasa ɗaya a tikitinka.”

Na koma ciki.

Ba gudu na yi ba, ba kuma ruɗewa na yi ba. Na taka a hankali na koma gaban talabijin. Wasan ya yanke. Na sayi wani tikitin.

Da na fito na gaske, na ciro waya na ga kiran Rifkatu ya cika ta. Na kira. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, “Ka zo hanyar gada, wurin masu hatsi.” Ta kashe.

Abin da ya faru shi ne, Baba ya tashi ya nufi babbar gada, domin ya gane ita ce hanyar da ta shigo da shi garin nan. Gida zai tafi. Wasu matasa suka tare shi suka ce ya buɗe kwat. Bai gane ba, ya ƙara riƙe ta. Suka ce ya ajiye jaka, ya rungume ta. Wani ya yi ihu, mutane suka watse, waɗanda suka rage suka fara jifa daga nesa. Dutse ya same shi a goshi ya faɗi.

Wani ɗan kasuwa mai suna Alhaji Umaru, mai sayar da hatsi a wurin, shi ne ya ji abin da tsohon ke faɗa. Shekaru ya yi yana zuwa sarin wake a kasuwannin yankin su Baba, yana ɗan jin yaren. Ya ratsa mutane ya tsaya a kansa, ya buɗe kwat ɗin da hannunsa, ya zazzage jakar a ƙasa kowa ya gani. Magani ne da kati. A jikin katin ya ga lambar Rifkatu.

Na iske Baba zaune a kan buhun masara, an ɗaure masa kai da rawanin Alhaji. Rifkatu tana durƙushe tana goge masa jini a wuya. Alhaji Umaru ya dube ni.

“Malam, kai ne surukin?”

“Ni ne, Alhaji.”

“Ina ka shiga ka bar dattijo?”

“Na je sayen magani.”

Ya ce, “Maganin ai ga shi nan a jakarsa.” Ya kira keke ya biya, ya taimaka muka ɗaga Baba.

Raunin ya warke, amma daga ranar Baba bai sake fita ƙofar ɗaki ba. Ko yara suka yi ihu a waje sai ya shige bayan ƙofa. Ya daina tambayar dawa. Shekara ba ta zagayo ba ya rasu a gidanmu, bai koma ƙauyensu ba.

Za ku ce ai daga nan na daina. Ni ma haka na ɗauka. Na gaya wa Rifkatu a shagon caca nake, na rantse mata, na daina bin hanyar. Na yi watanni. Sai caca ta shigo waya. Yanzu ba sai ka je ko'ina ba, tana aljihunka, tana aiko maka da saƙo tana gaishe ka da sunanka. Na koma, na kuma fi da. Albashi ya shigo da safe, kafin yamma babu shi. Abinci ba ya mini ɗanɗano. 'Yata Alheri ta zo tana ba ni labarin makaranta, ina kallon bakinta yana motsi, hankalina yana kan waya. Na yi azumi. An ɗora mini hannu a taron farkawa. Kowane lokaci da gaske nake yi, kowane lokaci kuma in koma.

Shekaru suka wuce a haka. Wata Asabar Rifkatu ta same ni a tsakar gida. Ba ta yi faɗa ba.

Ta ce, “Baban Alheri, na gaji. Yayata ta ce in zo Damare da yara, akwai ɗaki, akwai gona. Ban ce na rabu da kai ba. Amma ba zan zauna ina kallon yaran nan suna koyon ɓoye kuɗin makaranta daga ubansu ba.”

Na ce, “Ki ba ni wata ɗaya.”

Ta ce, “Na ba ka shekaru. Abu ɗaya ya rage. Ka je ka ga Dakta Saratu. In ka je, zan dakata.”

Kun san Dakta Saratu, ga ta can a layin Zumuntar Mata. Likitar ƙwaƙwalwa ce, ta kuma ba ni izini in ambaci sunanta. Na je gidanta ne don kawai a ce na je. Muka zauna a baranda da la'asar. Ta yi ta tambayata, ina amsawa kamar labarin wani nake bayarwa. Sai ta ce, “Malam, wane abu ne ka yi wanda har yau ba ka gane wanda ya yi shi ba?”

Na gaya mata maganar bencin. Na gaya mata na fito na ga babu kowa, na koma ciki. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, ko Rifkatu.

Ba ta yi salati ba, ba ta kama baki ba. Ta ɗora yatsa a goshinta ta ce, “A bayan nan akwai sashen ƙwaƙwalwa da ke auna abu, ya duba gobe, ya ce maka tsaya. Shi ne ya lissafa maka kwat da jaka da halin gari. Can ciki kuma akwai wani sashen da Allah ya sa domin mu nemi abinci, mu nemi abin da zai amfane mu. Shi yana sakin wani sinadari da ke sa ɗoki, kuma ya fi sakinsa lokacin da ba ka san ko za ka samu ko ba za ka samu ba. Caca a kan wannan aka gina ta. Shi ya sa cin bai dame ka ba, jiran ne. Shi ya sa idan saura kaɗan ka ci, jikinka yake ɗauka kamar ka kusa ƙwarewa, alhali faɗuwa ce kamar kowace faɗuwa.”

Na ce, “Amma Dakta, na san lissafin. Ni nake koyar da shi.”

Ta ce, “Sani yana gaba, ɗoki yana ciki. Ka yi shekaru kana ciyar da ɗaya kana barin ɗaya da yunwa. Ga damuwa, ga rashin barci, su ma suna raunana mai cewa tsaya. A bakin ƙofar nan ya yi magana, ka kuma ji shi. Ƙarfin riƙe ƙafarka ne ba shi da shi.”

Na ji wani sanyi. Na ce, “Ke nan ba laifina ba ne.”

Ta ce, “A'a, Malam. Kai ka bar tsohon, ba wani ba. Za ka amsa wannan a gaban Allah da gaban matarka. Abin da nake gaya maka shi ne ka daina dogara da rantsuwa. Mutumin da ke rantsuwa da safe ba shi ne ke riƙe da waya da yamma ba. Amma ƙwaƙwalwa tana sake koyo. A hankali take yi, kuma ba ka iya yi kai kaɗai.”

Sai ta ce mu yi addu'a, ni zan fara.

Na durƙusa a kan simintin barandar. Na buɗe baki in faɗi irin abin da na saba faɗa, cewa na tuba, ba zan ƙara ba. Kalmomin suka ƙi fita, domin na san ƙarya ne. Abin da ya fito daga ƙarshe shi ne, “Yesu, ban ma so in daina ba. Yanzu haka da nake durƙushe, ina tunanin wasan yamma. Ba ni da abin da zan kawo maka. In kana so na, ka ɗauke ni a haka.”

Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Amma karo na farko cikin shekaru na faɗa wa Allah gaskiya, kuma ban ji an kore ni ba. Na tashi, na ciro wayar daga aljihu na ajiye a kan teburin Dakta. Hannuna bai yi gardama ba. Wannan hannun da ya sayi tikiti bayan ya ga benci babu kowa! Ni na san ba ƙarfina ba ne. Yabo ga Ubangiji!

Da na koma gida na gaya wa Rifkatu abin da na gaya wa Dakta. Tana wanke kwanuka. Ta tsaya da kwano a hannu ta ce, “Ashe ka fito. Ashe ka gani.” Ta ci gaba da wankin. Ta yi makonni ba ta yi mini magana ba sai ta dole. Ban roƙe ta ta yi sauri ba, ba ni da wannan bakin. Amma ba ta tafi Damare ba.

Abin da ya biyo baya aiki ne mara daɗin labari. Katin banki ya koma hannunta. Na koma ƙaramar waya mai maɓalli. Na daina kallon ƙwallo gaba ɗaya, wanda ya yi mini ciwo ƙwarai. Ina zuwa wurin Dakta a asibiti kamar kowane mara lafiya. Ta koya mini cewa ɗokin yana tashi ya kai ƙololuwa ya sauka da kansa in ban biya masa ba, don haka idan ya taso sai in kira wani daga Zumuntar Maza mu yi ta magana har ya wuce. Na sake faɗawa cacar sau ɗaya, da wayar wani malami a ofis. A ranar na faɗa wa Rifkatu da bakina. Da can da sai na ɓoye, in bi kuɗin da wani kuɗin.

Wata rana muna cin tuwo da miyar yakuwa da kifi, sai na ji tsamin yakuwar a harshena. Na ce, “Maman Alheri, yau me kika sa a miyar nan?” Ta ce, “Abin da nake sawa kullum.” Ta kalle ni, ta kawar da kai, na ga tana share ido da bakin zane. A ranar na san wani abu yana gyaruwa a cikin kaina.

Na koma wurin Alhaji Umaru kuma, domin ban taɓa yi masa godiya yadda ya kamata ba. Ya tsufa, 'ya'yansa ke riƙe da shagon. Na gaya masa inda nake a ranar. Ya ce, “Na sani, Malam. Takardar cacar tana leƙowa daga aljihun rigarka a ranar.” Ya tambayi Baba, na ce ya rasu. Ya yi masa addu'a irin tasu, na amsa da amin irin tawa.

Baba bai dawo ba. Ba zan tsaya a nan in ce muku komai ya koma daidai ba. Amma shekaru ke nan ban sa ko sisi a caca ba, matata tana gidana, 'ya'yana suna miƙo mini kuɗin makaranta in riƙe musu. Na gode wa Yesu da ya karɓi addu'ar mutumin da bai ma so a cece shi ba. Na gode masa don likita, don matar da ta dakata, don baƙon da ya tsaya a kan surukina lokacin da ni ban tsaya ba. Haleluya!

Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, ku kuma je asibiti, ba saɓani a tsakaninsu. Wanda ya halicci ƙwaƙwalwa ya san hanyar gyara ta.

Kuma na san a cikin ɗakin nan yanzu akwai wanda wayarsa ke cinyarsa a ƙarƙashin littafin waƙa, yana jiran sakamako tun da na fara magana. Ban ga fuskarka ba, ba na kuma nema. Ni ma a layin baya na yi shekaru ina yin haka. Kada ka jira sai ka ji kana so ka daina, wannan ranar ba ta zuwa da kanta. Bayan an tashi sujada zan zauna a gindin mangwaron da ke bayan ofishin fasto. Ka zo ka zauna. Ba sai ka ce komai ba.

Ubangiji ya riƙe mu duka, cikin sunan Yesu. Amin.